Ɗana Yana Karatu Tiryan-Tiryan, Amma Ba Ya Iya Faɗin Abin da Ya Karanta

Assalamu alaikum Malama. Ina da yaro ɗan shekara 10, yana aji biyar na firamare. Idan aka ba shi littafi zai karanta tiryan-tiryan ba gargada, amma da na rufe littafin na ce, "To, me aka ce?" sai ya yi tsuru-tsuru, ko ya maimaita mini jimlar farko, ko ya tsinto wani ɗan abu daga tsakiya. Kwanan nan aka ba su aikin gida su rubuta bayani a kan raƙumi. Ya ɗauki wayata ya kwafe abin da ya gani a intanet kalma bayan kalma, malaminsu ya dawo masa da takardar. Babansa ya ce lalaci ne kawai, a ƙara matsa masa. Ni ma na fara yi masa tsawa, har ta kai idan ya ga na ɗauko littafi sai ya sulale. Shin ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja, ko ni ce ban iya koyarwa ba?

Daga uwa mai neman mafita

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya raya shi, Ya sa wa karatunsa albarka.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na san ita ce ke hana ki barci. Bisa abin da kika zayyana, ƙwaƙwalwar yaronki lafiyarta ƙalau, kuma ban ga alamar lalaci ba. Malalaci ba ya zama ya kwafe shafi guda da hannunsa. Yaron da ya kwashe komai ya juye a takarda, yaro ne da bai san abin da zai bari ba. A idonsa duk jimlolin da ke shafin nauyinsu ɗaya, ta farko da ta tsakiya da ta ƙarshe, ba wadda ta fi wata. Kin ce ya ɗauko miki mafi muhimmanci, shi kuwa ba a taɓa nuna masa yadda ake auna muhimmanci ba. Wannan awon ne ya rage masa, kuma koyar da shi ake yi, kamar dai yadda aka koya masa haɗa baƙi da wasali. Mu manya muna yawan tambayar yaro "me aka ce?" mu ɗauka koyarwa muke yi, alhali jarrabawa muke yi masa a kan darasin da ba mu ba shi ba.

Kada ki yi mamakin fitowar abin a wannan shekarun. A ajujuwan farko yawancin abin da yara ke karantawa labari ne, shi kuwa labari ɗaukar mai karatu yake yi: wani yana son wani abu, ya gamu da cikas, a ƙarshe ya samu ko ya rasa. Rubutun bayani ba shi da wannan. Ba jarumi, ba mugu, sai bayanai jere da juna, mai karatu ne zai gano abin da ya haɗa su. Wata mai bincike a Amurka, Nell Duke, ta bibiyi ajujuwa 20 na 'yan aji ɗaya, a rahotonta na shekarar 2000 ta nuna cewa a matsakaici minti 3.6 kacal ake ba irin wannan rubutun a rana. Sai yaro ya kai aji huɗu ko biyar a zube masa littattafan kimiyya da tarihi, a ce ya fahimta. Tun a 1983 kuma Ann Brown da Jeanne Day suka gwada yadda ɗalibai ke taƙaita rubutu, daga 'yan aji biyar har 'yan kwaleji. Ƙananan suna bin hanya ɗaya ce: su kwafi wasu jimloli, su tsallake wasu. Abin da ya fi wuya shi ne mutum ya ƙirƙiri jimlarsa ta kansa da za ta tattare sakin layin da marubuci bai tattare ba, kuma har 'yan kwalejin ba kullum suke iyawa ba. Wato abin da kike nema a wurin ɗan shekara 10 babban abu ne. Zai iya, amma sai an bi da shi daki-daki.

Ki ajiye littafin makaranta tukuna. Ki rubuta masa ɗan sakin layi irin wannan a takarda:

"Giwa tana da faka-fakan kunnuwa masu cike da jijiyoyin jini. Idan rana ta take sai ta riƙa kaɗa su, jinin da ke bi ta ciki ya huce kafin ya koma jiki. Takan zuƙi ruwa da hancinta ta fesa a gadon bayanta. Takan kuma yi birgima a taɓo, taɓon ya lulluɓe fatarta ya kare ta daga ƙunar rana. Giwa kan ɗauki ciki na kimanin wata 22 kafin ta haihu."

Ina iya faɗa miki amsoshin da za ki ji tun kafin ki tambaya. Zai ce, "A kan giwa ne." Ko ya ce, "Giwa tana da manyan kunnuwa." Ko idonsa ya yi haske ya ce, "Umma, wai wata 22 take yi da ciki!" Duk ukun ba shirme ba ne. Ta farko ta kama batun amma ba ta ce komai a kansa ba. Ta biyu ta bi wata ƙa'ida da ake yawan cusa wa yara, wai babban saƙo yana jimlar farko, ƙa'idar da ni ban yarda da ita ba, domin marubuta da yawa ba haka suke rubutu ba, kuma tana koya wa yaro ya daina tunani da zarar ya wuce layin farko. Ta uku kuwa abin mamaki ne ya ja shi, kuma manya ma yana jan su. Shannon Harp da Richard Mayer sun nuna haka a ƙarshen shekarun 1990: ɗaliban da aka cusa wa labaran mutanen da tsawa ta faɗa wa a cikin darasin yadda walƙiya ke samuwa, ba su riƙe matakan darasin kamar waɗanda aka ba darasin zalla ba.

Maimakon tambaya ɗaya mai faɗi, ki raba ta biyu. Ta farko: a kan wa, ko a kan me ake magana? Wannan zai amsa nan take, giwa, kuma yaron da ya saba da faɗuwa yana bukatar ya ji ya ci ɗaya. Ta biyu: me aka fi son mu sani game da ita? A nan, ranar farko, kada ki jira amsarsa. Ke za ki yi aikin, amma a bayyane, ki bar shi ya ji tunaninki yana tafiya. Ki ɗora yatsa a kan layi ki ce, "Kunnuwa, don jini ya huce. To. Fesa ruwa, me ya sa take yi? Zafi take ji. Taɓo kuma, shi ma saboda rana. Kai, ashe abu uku ne amma duk magana ɗaya suke yi. Bari in gwada: giwa tana da dabaru da dama na sanyaya jikinta." Sannan ki koma ki gwada jimlar taki a kan kowane layi. Kunnuwa sun shiga ƙarƙashinta? Sun shiga. Ruwa? Ya shiga. Taɓo? Ya shiga. Cikin wata 22 fa? Ki bar shi ya faɗa da bakinsa cewa wannan bai shiga ba. Ki ce masa gaskiya ne, abin sha'awa ne, amma ba shi aka zo faɗa ba.

Wannan gwajin na komawa layi-layi shi ne abin da nake so ya zauna masa, domin shi zai raba shi da cinke. Yanzu idan ya ba ki amsa, fuskarki yake kallo don ya san ko ya dace. Idan ya iya gwajin, takardar zai kalla.

Ki kuma sa masa iyaka: amsar kada ta wuce kalma goma, yana ƙirgawa da yatsu. Goman ba aya ba ce, idan ta kai sha biyu ba laifi. Amfaninta shi ne tilasta zaɓe. Kamar wanda zai yi tafiya ne aka ba shi 'yar ƙaramar jaka: da babbar akwati ce zai zuba duk abin da hannunsa ya kai, amma ƙaramar jaka sai ya tsaya ya tambayi kansa wanne ne ba zai iya tafiya babu shi ba. Za ki ga yana gogewa yana sakewa, yana ƙunƙuni cewa ba za ta shiga ba. Wannan ƙunƙunin alheri ne, tunani ne yake yi.

Bayan kwana biyu ko uku kina yi yana kallo, sai ku riƙa yi tare, ke ki faro shi ya ƙarasa. Daga nan ya yi, ke ki saurara. Kada ki yi gaggawar sakin hannunsa, kada kuma ki riƙe shi fiye da kima. Wani lokaci ki kawo jimlar da kika san ta yi faɗi da yawa, kamar "giwa dabba ce mai ban mamaki", ki tambaye shi ko ta yi. Yara suna jin daɗin kama babba da kuskure, kuma a nan zai gane cewa jimlar da za ta dace da kowace dabba ba ta faɗi komai game da wannan sakin layin ba.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan dabarun ƙarfi, kuma shi aka fi mantawa: sanin abin da ake magana a kai. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie sun ba yara 64 'yan ƙaramar sakandare bayanin wani wasan besbol, wasan Amurkawa da ake bugun ƙwallo da sanda, suka ce su maimaita abin da ya faru. Yaran da karatunsu ke da rauni amma sun san wasan, sun fi gwanayen karatun da ba su san shi ba. Dalilin a fili yake. Wanda ya san abu ya san inda nauyinsa yake. Don haka ki fara da abin da yaronki ya riga ya sani yake kuma so, ƙwallon ƙafa ne, motoci ne, tsuntsaye ne, ke kika san shi. Kuma kada ku riƙa tsalle, yau giwa, gobe wata, jibi jirgin sama. Ku zauna a kan batu ɗaya mako biyu, ku karanta abu huɗu ko biyar a kansa. Na biyar zai zo masa da sauƙin da zai ba ki mamaki, domin kalmomin sun zama nasa. Idan kuma harshen da ake karatu da shi a makaranta ba shi kuke yi a gida ba, ki bar shi ya fara faɗin saƙon da harshen gida. Sau da yawa yaro ya fahimta sarai, kalmomin mayarwa ne ba shi da su, sai ya fake da na littafi.

Yanzu ga raƙumin. Ni a ganina a sake aikin, ko da malam bai nema ba, domin kada abin da zai tuna game da rubutu ya zama takardar da aka dawo masa da ita.

Wayar ba ita ce matsala ba, buɗe ta a gabansa yana rubutu shi ne matsala. Ba yaron da zai iya gasa da jimlar da babba ya riga ya goge, dole ya ga tasa ba ta kai ba ya kwafa. Ku karanta gajeren bayani tare, ki kifa wayar, ki tambaye shi me ya riƙe. Duk abin da ya faɗa ya rubuta a 'yar guntuwar takarda, abu ɗaya takarda ɗaya, kalma uku ko huɗu, ba cikakkiyar jimla ba. "Tozo kitse ne." "Dogon gashin ido." "Yana rufe hanci." "Tafin ƙafa mai faɗi." "Lita 100 a sha ɗaya." "Leɓe mai kauri, ƙaya." "Wani tozo biyu." Ku sake karanta wani bayanin daga wani wuri, ya ƙara 'yan takardu. Mai kalma uku a hannu ba shi da abin kwafa, dole jimlar ta fito daga kansa.

Sai ya baza takardun a ƙasa, ki ce ya haɗa waɗanda suke 'yan gida ɗaya. Ki kama bakinki a nan, ko da kin ga ya daɗe. Zai tura gashin ido da hanci da tafin ƙafa gefe guda. Ki tambaye shi me ya haɗa su. Zai yi jim, ya ce, "Yashi." Gashin ido da hanci suna tare yashi, ƙafa kuma ba ta nutsewa a cikinsa. Tozo da shan ruwa da cin ƙaya su koma ɗaya gefen, yunwa da ƙishirwa. Ta tozo biyu za ta rage ita kaɗai a tsakiya, kuma zai so ya cusa ta wani wuri don yana son ta. Ki tuna masa da cikin giwa. Ko dai ya ajiye ta, ko ya nemo mata 'yan'uwa ta zama sakin layi na uku a kan ire-iren raƙuma, na Asiya ta Tsakiya mai tozo biyu da mai tozo ɗaya. Shi zai yanke.

Kin ga abin da ya faru? Aikin da ya yi da giwa shi ne ya sake yi, ta ɗaya fuskar. Can an ba shi bayanai ya nemo abin da ya haɗa su, nan ya tara bayanai ya haɗa su da kansa. Kowane tari sakin layi ne, sunan da ya ba tarin kuma shi zai zama jimlar da ke riƙe da sakin layin: "Jikin raƙumi yana kare shi daga yashi." Shi ya sa ba na son a raba koyar da fahimta da koyar da rubutu. Yaron da ya taɓa gina sakin layi da hannunsa yana gane ginin wani idan ya gani.

Kafin ya ɗauki biro, ya faɗa da baki. Ki ba shi wanda zai yi wa bayani, ƙaninsa ko wani yaro da bai kai shi ba, wanda bai san komai game da raƙumi ba. Rubuta wa malam yana sa yaro ya riƙa neman manyan kalmomi don ya burge, bayyana wa ƙarami kuwa yana sa shi neman a gane.

Idan jimlolinsa sun fito gajeru a tsaitsaye, "raƙumi yana da tozo, raƙumi yana da ƙafa", akwai wani atisaye da wata malama a Amurka, Judith Hochman, ta shahara da shi, kuma ina ganin amfaninsa ƙwarai. Ki ba shi farkon jimla ɗaya ya ƙarasa ta sau uku, da "saboda", da "amma", da "don haka". Raƙumi yana iya yin kwanaki bai ci ba saboda jikinsa na amfani da kitsen tozonsa. Raƙumi yana iya yin kwanaki bai ci ba, amma idan yunwar ta daɗe tozon yakan ragu ya langaɓe. Raƙumi yana iya yin kwanaki bai ci ba, don haka matafiya suke keta hamada da shi. Ba a iya ƙarasa waɗannan da kame-kame, sai an san abin. Kuma waɗannan ƙananan kalmomin su ne zai fara lura da su a littafi: "saboda" na nuna dalili, "amma" na nuna an juya, "da farko" da "daga nan" na nuna matakai. Marubuci da su yake nuna hanya.

Idan ya gama, kada ki fara da jan biro a kan kuskuren rubutu. Na san ido can yake fara zuwa. Amma yaron da ya yi ta faman tsara tunaninsa, aka mayar masa da takarda ba a ce komai ba sai "ka manta aya", ya koyi cewa tunanin ba shi da daraja. Ki fara da ma'ana. Gyaran harafi da aya ya zo a zama na dabam, abu biyu ko uku kawai a lokaci guda.

A nan ne kuma nake son babansa ya shigo. Ban ce ki je ki yi musu da shi a kan kalmar lalaci ba, ba za ta kai ku ko'ina ba, kuma shi ma damuwa ce ta sa ya faɗa. Ki roƙe shi abu ɗaya: idan yaron ya gama rubutu, ya karanta wa Baba, Baba kuma ya faɗi abin da ya fahimta cikin kalma goma. Idan abin da Baba ya faɗa shi ne abin da yaron ya nufa, rubutu ya yi. Idan ba shi ba ne, yaron ya koma ya duba inda ya ɓatar da mai sauraro. Uban da ya zauna ya ga ɗansa yana jera 'yan takardu yana gardamar inda tozo biyu zai shiga, da wuya ya sake kiran sa malalaci.

Tsawar kuwa a daina ta, 'yar'uwa, kuma na faɗa ne ba don in ɗora miki laifi ba. Sulalewar da yake yi idan ya ga littafi ta fi damuna a kan raƙumin da ya kwafa. Yaron da ke jin tsoro neman amsar da za ta kuɓutar da shi yake yi, kuma mafi kusa ita ce jimlar farko. Minti goma sha biyar ya isa zama ɗaya, sakin layi ɗaya tak, ku tashi tun bai gaji ba. Ranar da ke kanki kika gaji, a bar shi sai gobe. Ki kuma riƙa yin abin a wajen littafi, inda ba ya jin ana gwada shi: ya gama kallon wani shiri ko ya dawo daga wasa, ki ce ya ba ki labarin cikin jimla ɗaya.

Ki sa ido a kan abu biyu. Idan ke kika karanta masa da baki yana kamo saƙon, amma idan shi ya karanta ba ya kamowa, to ƙarfinsa na ƙarewa ne a wajen furta kalmomi ko da kunne na jin kamar yana gudu, sai a ƙara masa karatu a bayyane da rubutu mai sauƙi. Idan kuma ko an karanta masa, ko a hira ta yau da kullum, ba ya iya bin bayani mai ɗan tsawo, kuma kun yi wata biyu ko uku kuna wannan aikin ba canji, ki sa a duba jinsa da ganinsa, ki nemi ganin malaminsa ku zauna. Ko ba haka ba ma ki je wurin malamin da sabon rubutun raƙumin, tare da 'yan takardun da aka gina shi da su, ki tambaye shi batun da za su shiga a makonni masu zuwa, don ku fara karanta shi a gida tun kafin a kai can.